Farar Rigar Da Ban Ɗinka Miki Ba

Daga shagon babanki, Lafiya.

Zuwa ga uwata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ciki da abinci, kai ba ciwo. Yaya baƙunta? Yaya ruwan Keffi, ya karɓe ki kuwa? Ki gaishe min da Gwaggonki Asabe da maigidanta da yara, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da suka ɗauka, Allah Ya saka musu da alheri. Ke kuma Allah Ya tsare min ke a hanya da aji da kan babur, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya raba ki da mai daɗin baki, amin.

Na san za ki ce Baba ya tsufa, ana zamanin waya yana neman biro da takarda. To ai na gwada wayar. Na ce yaya gida, kin ce, "Lafiya lau, Baba." Na ce yaya makaranta, kin ce, "Lafiya lau, Baba." Ummi, na san wannan lafiya lau ɗin. Ta mahaifiyarki ce, Allah Ya jiƙanta. Duk ranar da ta yi min ita, na san miyar ranar ba za ta ji gishiri ba. Fushi kike da ni, kuma kina da gaskiyarki. Bakina ba ya iya doguwar magana, musamman da ku 'ya'yana, shi ya sa yau na ja ƙofar shago bayan azahar, na ture yadin mutane gefe, na zauna a teburin yanka ina rubuta miki.

Ban manta ranar ba. Kin shigo shago da takardar makarantarku ta koyon aikin lafiya, bakinki har kunne, kin nuna min inda aka rubuta farar riga cikin kayan da ɗalibi zai tanada. Kin ɗauko tef da kanki kin miƙo min. Na ce ba zan ɗinka ba. Kin ɗauka wasa nake, kin ce, "Haba Baba, ka ɗinka wa 'ya'yan mutane, ni ce ba za ka ɗinka wa ba?" Na ɗaga murya a gaban kwastoma na ce na faɗa na ƙara, ba zan ɗinka ba. Kin ajiye tef ɗin a hankali kin fita. Ranar tafiya kuma, da keke napep ya juya zai ɗauki hanyar tasha, na tsaya a ƙofar gida ina jiran ki waiwayo. Ba ki waiwayo ba.

Ya kamata in ba ki dalili a lokacin, ban ba ki ba. Ga shi yanzu. Sa'ad da abin yayanki ya faru kina makarantar kwana, kin dawo hutu kin tarar gida ya yi tsit, ba wanda ya zaunar da ke ya yi miki bayani. Iyakar abin da kika sani shi ne ya yi shekara biyu a wata kwalejin kuɗi da ke hanyar Obi, bai sami takardar aiki ba, ya tafi Mararaba yana acaɓa. Yanzu ke ma kin shiga kwalejin kuɗi, kwas na shekara biyu, irin nasa. Ban ce taku irin waccan ba ce. Akwai na ƙwarai a cikinsu, kuma na ga yadda kika zauna gida kina ta maimaita jarrabawar shiga jami'a har kika rame, shi ya sa ban hana ki ba. Amma 'ya'ya biyu Allah Ya bar min. Ɗaya ya fita ta wannan ƙofa bai dawo ba. Tsorona ke nan, ba wani abu ba.

Abin ya fara ne da kwangila. Wata rana mai kwalejin ya faka doguwar motarsa a gaban shagona, ya fito ƙamshin turare yana tashi, ana biye da shi da bandir na farin yadi. Ya ce ya ji labari duk Lafiya ba wanda ya kai ni iya wuyan kwat. Wallahi kaina ya kumbura. Ya ce zai ba ni ɗinkin fararen rigunan ɗalibansa gaba ɗaya. Sai ya hango yayanki a gefe yana sa maɓalli, ya ce, "Wannan ɗanka ne? Ya gama sakandare? Kawo shi mana, oga tela. Shekara biyu kacal ya zama ma'aikacin asibiti. Zan rage maka kuɗin, ai mun zama gida ɗaya."

Na koma gida kamar ba na taka ƙasa. Mahaifiyarku tana tace gasarar kunun da take sayarwa, ta saurare ni har na gama, sai ta ce, "Malam, wa ka sani da ya gama a can yana aiki?" Na ce sabuwar makaranta ce, ke kuma me kika sani a harkar boko? Ta ce, "To," ta ci gaba da tatarta. Da na bi wannan tambaya guda ɗaya, da yau gonarmu tana nan, yayanki yana nan.

Saboda haka ki yi tambayar mahaifiyarki. Kada ki yi wa waɗanda ke zaune a ofis, su an ɗauke su ne don su ce komai lafiya. Ki nemi waɗanda suka gama, su kansu, ba hotunansu da ke jikin allon bakin titi suna murmushi ba. Ki tambayi 'yan shekara ta biyu ina waɗanda suka riga su suke. Idan an ce wance tana aiki a asibitin kaza, ki hau mota ki je ki gan ta da idonki, ki gaishe ta da ladabi, ki roƙe ta ta gaya miki yadda ta sami lasisinta. In ta yi miki kallon banza ki haƙura, kallon banza ba ya kai shekara biyu yana ciwo.

Zangon farko abin da na ɗinka bai wuce igiya ɗaya ba. Kafin shekara ta zagayo sai da na ƙara igiyoyi, na ɗauki hayar keken ɗinki na biyu. Riguna farare fat tun daga ƙofar shago har bakin kwata, iska tana kaɗa su. Ni na gwada kowane yaro da kowace yarinya, na san faɗin kafaɗarsu. Wasu daga Doma, wasu daga Awe, wasu daga ƙauyukan da ko Hausa ba sa ji sosai, sai mu ƙarasa da hannu. Kullum ƙaruwa suke, ni kuwa murna nake, ina cewa makaranta ta karɓu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wai duk waɗannan a wane aji suke zama ba. Ashe hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja tana yanke wa kowace makaranta iya adadin da za ta ɗauka. Waɗanda suka shiga cikin adadin ana ba su lamba, abin da ɗalibai ke kira indeksin, kuma mai wannan lamba ne kaɗai zai zauna jarrabawar ƙasa ya sami lasisin aiki. Ragowar, ko sun haddace littafi daga bango zuwa bango, 'yan rakiya ne. Mai kwalejin ya san haka sarai. Ni ban sani ba, ban kuma nemi sani ba, domin kowace riga alheri ce a aljihuna.

Rigunan nan da ke rataye su suka zama allon tallarsa, kyauta. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambaya. Kin tuna Baba Agbo, mutumin Obi mai sayar da doya, wanda yake kawo miki rake kina ƙarama? Shekara da shekaru a benci ɗaya muke cin abincin rana. Ya zo ya shafa hannun wata riga ya ce, "Tela, wannan makaranta yana da kyau? Yarinya na Talatu ya gama, yana zaune a gida kawai." Na bugi ƙirji na ce, "Haba Baba Agbo, ɗana ma can yake." Da wannan maganar tawa ya sayar da riɗinsa na shekara ya kai ta. Yau Talatu tana cajin waya a bakin tasha. Baba Agbo bai zage ni ba, bai kai ƙarata ko'ina ba. Hanya kawai ya canja. Idan zai shiga kasuwa sai ya zagaya ta layin masu manja don kada ya bi ta gabana. Bencin yana nan, ni kaɗai nake cin abinci a kai.

To ki nemi lambar nan tun yanzu, kada ki bari sai ƙarshe. Za su ce miki ana kan aiki a kai. Za su ce sai wani wata. Za su nuna miki rasit ɗin kuɗin da kika biya su ce ai shi ke nan. Rasit daban, lamba daban. Ki nace sai kin ga sunanki a takardar hukumar ita kanta. Ku yaran yanzu kuna iya duba komai a waya, ki yi amfani da ita a nan, ba a kallon rawa ba. Sannan za su ce ki kawo ƙawayenki a rage miki kuɗi. Na ji ki da kunnena kafin ki tafi kina ce wa Maryam ta gidan liman ta biyo ki. Ki bar ta tukuna. Kada ki ce wa kowa makaranta tana da kyau sai kin fita daga cikinta da abin da kika je nema. Idan kin ja 'yar mutane abin ya lalace, iyayenta ba za su tuna fuskar mai makaranta ba, taki za su tuna.

Ragin da aka yi min kuwa, Ummi, romon baka ne. An rage ta ƙofa ɗaya, aka fanshe ta tagogi. Yau kuɗin karɓar gurbi, gobe kuɗin hoto da rigar bikin shiga, jibi kuɗin takardun darasi da kowane malami yake sayar da nasa, wanda bai saya ba ya riga ya san sakamakonsa. Ga kuɗin zuwa asibiti koyon aiki, ga kuɗin motar da za ta kai su, motar da ban taɓa jin ta zo ba. Kuɗin indeksin ɗin ma mun biya, aka dawo aka ce an ƙara, muka sake biya. Da sun nemi babban kuɗi a lokaci guda da na farka. Kaɗan-kaɗan suke yi, kamar ɓera a buhun gyaɗa, ni kuma kowane lokaci sai in ce ai an yi nisa, saura ƙiris. A cikin wannan saura ƙiris ɗin gonarmu ta Kwandere ta tafi, wadda kike hawa mangwaronta har kika faɗo kika fasa haɓa. Na bi ta wajen da daminar bara. Mai ita ya sare bishiyoyin ya shuka rogo.

Yayanki ya lura kafin ni. Ya taɓa ce min, "Baba, anya kuwa? Ajinmu wasu a taga suke tsayawa, malaman ma sai su yi sati ba su zo ba." Na ce ya rufe min baki ya yi karatu, wahala ce ba ya so. Daga ranar bai ƙara kawo min ƙorafi ba, sai dai ya ajiye takardar kuɗi a kan keke ya fita.

Ke kada ki yi min wannan shirun. Duk abin da kika gani bai kwanta miki a rai ba ki faɗa min, ko zan yi faɗa. Kin san faɗana, kafin ruwan shayi ya tafasa ya wuce. Ki je ofis ki ce a rubuta miki duk abin da za a biya daga yau har ranar gamawa, kuma kowane kuɗi ki karɓi rasit ki adana. Idan wani malami ya ce ki same shi a wani wuri zai gyara miki maki ko ya rage miki kuɗi, ki gaya wa Gwaggonki ranar, ita bakinta ya fi nawa kaifi. Abu na ƙarshe a nan, ki riƙe shi da kyau: idan ta bayyana babu lamba, ki tattaro kayanki ki dawo gida, ko an biya na shekara gaba ɗaya. Kada ki zauna kina cewa Baba ya kashe da yawa. Wannan tunanin ne ya ci gonar. Ban aike ki ki ceto kuɗina ba, karatu na aike ki.

Yanzu na zo kan abin da ya fi min nauyi, na daɗe ina juya biro kafin in fara shi. Kin san a gidajenmu ba a kama sunan ɗan fari. Haka na taso na ga mahaifina yana yi da babban wanmu, haka ni ma na yi. Ke ina kiran ki Ummi ba adadi a yini, na ɗora ki a kafaɗa har kasuwa, ba wanda ya ce komai. Shi kuwa tun yana rarrafe "kai" ne, ko "yaron nan". Idan ina so ya miƙo almakashi sai in ƙwanƙwasa tebur. Har a kan yadi ma. Kin san duk ɗinkin da aka kawo ina rubuta sunan mai shi da biro a cikin wuya don kada ya ɓace cikin na mutane. Nasa kuwa ɗan zane kawai nake ja. Ba rashin so ba ne, Allah Ya sani. Kunya ce, ta zauna min a maƙogwaro tun ranar da aka raɗa masa suna.

Farar rigarsa na zaɓar mata yadin da ya fi kowanne, na yi mata guga da kaina. Ya saka ya fito ƙofar shago. Mama Ladi mai abinci, 'yar Eggon ɗin nan da ke gefenmu, ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa ta ce, "Dakta! Dakta ya fito!" Layi duka aka ɗauka. Ni kuwa sai na ji wani abu ya buɗe a ƙirjina. Ga suna na samu. Suna wanda zan iya kira da ƙarfi a tsakiyar kasuwa ba tare da kunya ba. Na ce, "Dakta, juya in ga bayan." Ya juyo ya dube ni, domin bai taɓa jin na kira shi da wani abu ba, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. A lokacin ko wata bai yi a makarantar ba. Washegari na karɓi rigar na zana Dakta da shuɗin zare a kan aljihun.

Tun daga nan ban bar sunan ya huta ba. Dakta kawo ruwa, Dakta rufe shago, Dakta ka ci abinci kuwa? Har aiken ƙarya nake ƙirƙira don kawai in kira. Ya ce min, "Baba, kwas ɗinmu fa ba na likita ba ne, na ƙaramin ma'aikacin lafiya ne." Na ce a unguwar nan duk mai farar riga dakta ne. Unguwa ta mayar da ni Baban Dakta, ina amsawa ina hura hanci. Ban ɓoye miki ba, Ummi, waɗannan watannin su ne mafi daɗi da na yi da ɗana.

Da shekara biyun ta cika aka kafe sunayen masu zana jarrabawar ƙasa. Kaɗan ne ƙwarai. Babu nasa, babu na Talatu. Aka ce su jira rukuni na gaba, suka jira. Rukuni na gaba ya zo aka cika shi da 'ya'yan masu hanya. Su kuma aka ba su wata takarda mai zanen ruwan zinariya a gefe, gwanin kyau. Ya kai ta asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, ko'ina tambaya ɗaya ce: ina lasisi? Na je wurin mai kwalejin na yini a benci, ya fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Oga tela, kwantar da hankalinka, muna magana da Abuja." Bayan nan maigadi ya daina buɗe min ƙofa, ɗinkin ma aka ba wani tela. Cikin wannan jiran mahaifiyarku ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ko sau ɗaya ba ta ce min ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi min sauƙi.

Sunan kuwa bai san an fasa ba, yana ta bin sa. Yara a layi, Dakta. Wurin mai shayi, Dakta yaushe za a fara aiki? Wata rana da hantsi matar maƙwabcinmu ta shigo tsakar gida a guje, ɗanta yana zazzaɓi, da allura a leda da ta sayo a kemis, tana cewa Dakta ya taimaka ya yi masa. Ya ce ba shi da izini, ta kai shi asibiti. Ta ce wulaƙanci ne don an ga ba ta da shi. Ni kuma, don in kashe maganar, na leƙo daga ɗaki na ce, "Dakta, duba mata mana." Ummi, ban taɓa jin muryar yayanki ta tashi a gabana ba sai ranar. Ya ce, "Ni ba dakta ba ne! Baba, ni ba dakta ba ne! Ina da suna!" Ya saɓi yaron, ya tare keke napep, ya kai su asibiti da kansa. Ba a daɗe ba na zo shago wata safiya na tarar da farar rigar a ninke a kan kekena. Ya tafi.

Yana kira, ba zan yi masa ƙarya ba. Da sallah yana kira, wani lokaci ya turo ɗan abin cefane. Amma idan na ɗauka sai in rasa abin da zan fara da shi. Wancan sunan ya haramta, nasa na gaskiya ya ƙi fita, na koma "kai". Sai mu yi ta jin numfashin juna da hon ɗin motocin Mararaba har katinsa ya ƙare. Mama Ladi har yau idan ta manta takan fara "Baban Dak..." sai ta kama bakinta, ta ƙara min nama a kan shinkafa.

Kin ga dalilin ke nan. Ranar da kika miƙo min tef, ba ke na gani ba, shi na gani yana juyawa a ƙofar shago. Ba ke na ƙi ba, uwata. Kaina na ji tsoro, domin na san idan na gan ki cikin rigar nan bakina ba zai yi shiru ba. Idan makaranta ta tilasta, ki sayi tasu, na sa kuɗinta a cikin saƙon da zan aiko miki. Ki saka a aji, ki cire a bakin ƙofa, ki ninke a jaka. Kada ki ɗauki hoto da ita ki ɗora a waya duniya ta gani. Idan wani ya ce miki Nas, ki yi dariya ki ce ɗaliba ce tukuna. Kada ki yi wa ɗan kowa allura a gida, ko ɗan Gwaggonki ne, ko za a ce kina da girman kai. Su faɗa, baki nasu ne. Ni ma na ɗaukar miki alkawari, duk wanda ya ce min Baban Nas zan ce ba ni ba ne, ya nemi wani.

Gida kuwa yana nan, ya yi min girma. Har yanzu ban iya auna shinkafar mutum ɗaya ba, kullum sai ta yi saura in ba kajinki. Sun yi ƙiba, ba sa tambayar ki, marasa kunya. Da yamma ina kunna rediyo don kawai a ji muryar mutum a tsakar gida. Jiya na kira "Ummi, ɗauko min tabarau," sai da na ji shiru na tuna. Ina kewarki ƙwarai, gara in faɗa. Amma ba don ki dawo na faɗa ba. Ki zauna ki yi abin da ya kai ki, ni kaɗaici ba zai kashe ni ba, mun saba da juna.

Saura roƙo ɗaya. Daga Keffi zuwa Mararaba ba nisa. Ki nemi yayanki. Duk duniya ba wanda ya san tambayoyin da za a yi wa irin waɗannan makarantu kamarsa, domin da shekarunsa ya saye su. Ki roƙe shi ya raka ki ofishin makarantarku, in ta kama har ofishin hukumar a Abuja, ku duba tare. Zai ce ba shi da lokaci, zai ce me ya sani shi ɗan acaɓa. Ki yi masa irin shagwaɓar da kike min idan kina son abu, ba zai iya da ke ba. "Yaya" za ki riƙa ce masa, kada ki kuskura wancan sunan ya fito daga bakinki ko da wasa.

Direban da ya kai ki zan ba saƙon, ya ce zai sauke a gidan Gwaggonki. Akwai garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan manja. Yadin rigarki na saya tun kafin ki tafi, ba ki sani ba. Fari ne mai kauri, ya fi na yayanki ma. Yana cikin akwatin mahaifiyarku, almakashi bai taɓa shi ba. Awonki na ɗauka daga doguwar rigar da kika bari a ƙusa. Ranar da kika ga sunanki da lambarki da idonki, ki kira ni, ko ina tsakiyar ɗinkin sallah zan ture na kowa in yanka naki. Aljihun kuwa fari zan bar shi, ba zan zana komai a kai ba.

A ƙasan jakar saƙon akwai ƙunshi a baƙar leda, wannan ba naki ba ne. Kaftani ne na shadda ruwan ƙasa na ɗinka wa yayanki. Na ɗan rage kafaɗar, an ce ya rame. Da na gama yanka na ɗauki biro zan ja zanen nan da na saba, sai hannuna ya tsaya. Na daɗe a zaune ina kallon wuyan. Daga baya na rubuta, harafi bayan harafi, kamar yadda liman ya faɗa ranar suna. Rubutun ya karkace, amma yana karantuwa. Kada ki yi masa wani bayani. Ki miƙa masa kawai, ki ce Baba ya ce ya juya wuyan ya duba ko ya yi daidai.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa lambarki ta fito, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa. Allah Ya tsare yayanki a kan babur ɗin nan, safe da yamma. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya dawo min da ku ta ƙofar da kuka fita, ku biyu, amin.

Wassalam.

Babanku.